Takardar da Baba Ya Rufe da Leda

Matar da ke bayan tagar ofishin rajista ta karɓi takardar da hannu biyu, ta juya ta gaba, ta juya ta baya, sannan ta ɗora babban yatsanta a kan hatimin da ke ƙasa ta shafa. Ta sake shafawa. Auta na tsaye tana murmushin nan na wanda ya san ya zo da kayansa a cike. Ai kuwa a cike ta zo: fasfo, takardar izinin zama, ta asibiti, ta gwajin harshe, hotuna huɗu masu farin bango, duk an duba an yi musu alama. Saura wannan ɗaya, asalin takardar digirinta na farko, wadda jami'ar ta ce sai ta gani da idonta kafin ta tabbatar mata da gurbin karatun digiri na biyu.

"Wa ya rufe ta da leda?" matar ta tambaya, tana kallonta ta saman tabarau.

"Babana," in ji Auta, har da ɗan ɗaga kai. "Sana'arsa ce."

"Ayya. Mu ba ma karɓar takardar da aka yi wa laminashin. Dole in shafa hatimin in ji tudunsa a yatsana, in ɗaga takardar in ga haske ta cikinta. A haka ban san abin da ke ƙarƙashin ledar ba. Ni dai na yarda ta gaskiya ce, amma dokar ba ta tambayi yardata ba."

Ta turo mata takardar ta ƙarƙashin gilashi, ta ƙara da cewa tana da zuwa Juma'ar ƙarshen wata, ƙarfe huɗu na yamma, ta kawo ta yadda aka ba ta. In ba haka ba gurbin ya tafi, izinin zaman ƙasar kuma da gurbin yake rataye. Kwana goma sha shida ke nan. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, matar ta riga ta kira na bayanta.

To, bari ku ji wane ne Baba, don kada wani ya yi saurin cewa tsohon ya yi wauta. Shekara ashirin da shida yana zaune a shago ɗaya, ɗan tsukuku tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma, da injin fotokwafi ɗaya, da injin laminashin wanda ya girmi Auta. Duk layin Mai Leda ake kiransa. Ya ga abin da ruwan sama da gara da ɓera suke yi wa takardun talaka. Ya taɓa ganin magidanci da gemunsa ya zo da takardar filinsa a cikin kwano, ta zama dusa, yana hawaye. Saboda haka shi a wurinsa takardar da ba a rufe ba tsirara take. Takardun haihuwar 'ya'yansa, katin rigakafinsu, rasit ɗin keken ɗinki, har zanen kazar da Auta ta yi a aji ɗaya, duk sun sha leda. Yaya, babban wanta, yakan ce, "Ku dai ku riƙa motsi a gidan nan, duk wanda ya zauna shiru Baba zai tura shi inji."

A bangon shagon, daidai saman injin, akwai ƙusa ɗaya, a jikinta takardar shaidar ungozoma ta Inna take rataye. Ita ce takarda mai hatimi ta farko da ya taɓa rufewa. Inna ta rasu shekara shida ke nan, takardar kuwa tana nan kamar jiya aka buga ta, da sunanta da manyan baƙaƙe a tsakiya. Duk wanda ya tsaya ja-in-ja a kan farashi, Baba ba ya musu da shi, sai dai ya nuna bango da haɓa ya ce, "Dubi wannan. Mai ita ta tafi, ita ko kwarzane babu."

Ana gobe Auta za ta tashi, ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauko leda mai kauri, irin wadda ya yi wa ta Inna da ita, ya tura takardar cikin inji da bismillah. Ta fito da ɗumi tana sheƙi. Ya miƙa mata ya ce, "Ba ni da dukiyar da zan raka ki da ita, Auta, amma wannan ko teku ta faɗa babu abin da zai same ta."

Yanzu ku gaya mini, da wane baki za ta kira wannan mutumin ta ce masa kyautarsa ce za ta koro ta gida?

Ɗakin da ta kama yana hawa na huɗu, ɗan mitsitsi: gado, tebur, kujera mai ƙafa ɗaya gajera, da taga mai kallon bangon wani gidan. Wutar ɗakin ta kati ce, in katin ya kusa ƙarewa mitar ta fara ƙara kamar tsako. Injin wanki na ƙasa sai an jefa masa sulalla, bas sai da tikiti, ruwan zafi ma da lokacinsa. A garin nan numfashi ne kawai ba a sa wa farashi ba, shi ma Auta tana zargin ana kan shirin yi. Kuɗin da ta zo da su an yanka su ne daidai wuya, a kan cewa da ta gama rajista za ta samu katin ɗalibai, da shi za ta nemi ɗan aikin da doka ta yarda, da shi bas zai yi sauƙi. Ba rajista, ba kati. Sai ta koma tafiya a ƙasa, da shayi da burodi safe da yamma, da ƙwai ɗaya in ta ji jiri.

Amma wallahi ba yunwar ce ta fi cin ta ba, shirun ne. Ita da ta taso a gidan da in ka yi atishawa mutum uku za su amsa maka, yau ga ta a gidan da mutum goma sha biyu ke kwana, ba ta san sunan ko ɗaya ba. Da sauti ta san su: na hagu mai tari ne, ta dama mai takalmi ƙwas-ƙwas ce, tana fita ƙarfe bakwai. A makon farko ta riƙa tsayawa a matattakala tana gaishe su gaisuwar mutunci, har da tambayar gajiya. Suka riƙa kallonta kamar wadda ke shirin roƙon wani abu. Sai ta koyi gyaɗa kai ta wuce. Akwai ranar da ta lura tun safe ba ta furta kalma ko ɗaya ba, ta ce wa butar shayi "sannu da aiki" don kawai ta ji muryarta.

Ba ta zauna ba, ta yi ta maza. Ta rubuta wa tsohuwar jami'arta, aka amsa mata cewa asalin takarda sau ɗaya ake bayarwa, takardar madadi kuma sai ta jira kamar wata uku. Ta shiga shagunan fotokwafi uku. Na farko ya girgiza kai tun kafin ta gama bayani. Na biyu ya ce su rufewa suka iya, buɗewa ba aikinsu ba ne. Na uku ya kwatanta mata wani dattijo mai gyaran tsofaffin littattafai a can bayan tashar jirgin ƙasa. Ta taka har can cikin yayyafi. Dattijon ya duba takardar da madubin ƙara girma, ya shafa bakinta, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aikinsa. Ko ƙurar iska bai bari a ciki ba." Auta ta ji daɗi ta ji ciwo lokaci guda. Sannan ya faɗi ladansa, wanda ya fi kuɗin ɗakinta na wata, ya ce kuma sai bayan mako uku, don akwai na gabanta, kuma bai yi alkawarin rubutun zai tsira ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ta yi godiya ta fito.

Ranar Lahadi Baba ya kira, kamar yadda ya saba.

"Auta, kin kai musu takardar?"

"Na kai, Baba."

"To, me suka ce?"

Ta dubi takardar a kan tebur tana ta sheƙinta, ba ruwanta. "Sun daɗe suna juya ta, Baba."

Ya yi dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari. Ta ji yana ɗaga murya yana gaya wa mai gyaran agogo, "Ka ji ko? Har can ma sai da suka tsaya kallon aikin!" Da aka kashe wayar ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka mai isarta. Na hagu ya yi tari, ya ƙara ƙarar rediyonsa.

Sai da ya rage kwana shida ta kasa riƙewa, ta kira Yaya ta gaya masa komai, ta haɗa shi da Allah kada Baba ya ji. Kai, Auta! Yarinya da iliminta, ta rasa wanda za ta ba ajiyar magana sai Yaya? Ai an ba kura ajiyar nama. Ko awa biyu ba a yi ba ya aiko mata da saƙo: "Ki yi haƙuri, ya ga fuskata ya tsare ni."

Ta kira Baba, bai ɗauka ba. Washegari ta kira sau huɗu, shiru. Ta tambayi Yaya, ya ce shago a rufe yake, Baba yana ciki, ya ce kada kowa ya dame shi, abinci ma ta taga ake miƙa masa. Kwana uku haka. Auta ta gama yanke wa kanta hukunci: ta karya zuciyar tsohon, ga gurbi zai tafi, an yi biyu babu. A kwanakin nan ta san kaɗaici na gaske, irin wanda ba rashin mutane ba ne kawai, rashin wanda zai ɗauki wayarka ne. Ta sauko da akwatinta daga saman kwaba ta buɗe shi a ƙasa, ba ta sa komai a ciki ba, ba ta kuma rufe shi ba.

Ranar Alhamis da hantsi wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo. Yaya ne riƙe da wayar, ya kusanto da ita har fuskar Baba ta cika gilashin. Idanunsa sun faɗa, tabaransa na aiki a kan hanci, yatsunsa biyu naɗe da filasta.

"Baba, ina kwana? Don Allah ka yafe..."

"Lafiya lau. Ajiye wannan, ba lokacinsa ba ne. Ni na rufe, ni zan buɗe. Samo dutsen guga, da farin ƙyalle na auduga, da almakashi, da sabuwar reza. Ina jiran ki."

Ba ta da dutsen guga. Ta tsaya a ƙofar mai takalmi ƙwas-ƙwas, wadda ta ji motsinta yau ba ta fita ba, ta ƙwanƙwasa. Aka buɗe ƙofar kaɗan. Auta ta yi bayani a daburce. Matar ta koma ciki, ta miƙo dutsen ta tsagar ƙofar, ta ce a ajiye mata a bakin ƙofa in an gama. Ba ta tambayi sunanta ba. Auta ta ruga shagon kusurwa ta sayi reza, ta zuba kuɗin burodin kwana uku a katin wuta, ta yage tsohuwar rigar matashin kai, ta jingina wayar da butar shayi yadda Baba zai ga tebur.

"Yanke bakin, duka huɗu, daidai inda leda ta haɗu da leda. Kada almakashi ya taɓa takarda. Yauwa. Yanzu sa dutsen a mafi ƙarancin zafi. Taɓa ƙyallen da bayan hannunki, in za ki iya ƙirga biyar bai ƙona ki ba, ya yi. Juya ta, da baya za mu fara, baya ba rubutu. Nan hannunki zai koya."

Ta shimfiɗa ƙyalle, ta ɗora dutsen, ta ɗaga, ta sa bakin reza a kusurwa. Ledar ta ɗago kaɗan da wani ɗan sauti kamar ana ɓare albasa. Ta ja da ƙarfi, kusurwar takardar ta biyo ledar ta yage kamar faɗin farce.

"Innalillahi! Baba, ta yage!"

"Na gani. Kusurwa ce, ba komai a kusurwa. A kwance za ki ja ta, ba a tsaye ba, kamar kina zare hannu daga ƙarƙashin kan jariri mai barci. Sake ɗumamawa."

Bayan takardar kaɗai ya ci awa guda. Daga can gefe Yaya ya ce hannunsa ya sage, ko ladan ɗaukar waya babu. Baba ya ce ya yi wa mutane shiru, ai bakinsa ne ya jawo masa. Auta ta yi dariya, dariyarta ta farko a ɗakin nan, har ta ji ta baƙuwa a kunnenta.

Da suka juyo gaba muryar Baba ta sauya, ta yi ƙasa.

"Saurara da kyau. Ƙananan rubutun ba su da matsala, za su zauna. Inda tawada ta yi kauri, wurin suna, nan ne mugun wuri. Za ki ji ledar ta riƙe, zuciyarki za ta ce ki ƙarasa, saura kaɗan. Kada ki yarda da ita. In ta riƙe, saki, ɗumama, jira. Harafi ɗaya-ɗaya za ki bi. In kika yi gaggawa a nan, sunan zai bi leda, takarda ta zauna fara fat."

Ta yi yadda ya ce. Ɗumama, jira, ja kamar tsawon ƙwayar shinkafa, saki. Gumi ya jiƙa mata wuya a ɗakin da kullum take rawar sanyi. A harafi na huɗu ledar ta riƙe gam, ta ga baƙin tawadar ya fara ɗagowa. "Tsaya!" Baba ya daka tsawa, irin wadda bai taɓa yi mata ba. Ta saki. Suka zuba wa harafi ɗaya ido su biyu, ƙasa da ƙasa a tsakaninsu. Ta sake ɗora dutsen, ta ƙirga biyar, ta gwada. Harafin ya zauna.

Mitar wuta ta fara kukan tsakonta daidai lokacin da ledar ta rabu da kusurwa ta ƙarshe. Takardar ta fito laushi, ta ɗan yi duhu, ba sheƙi, kusurwa ɗaya a gutsure. Auta ta ɗora yatsa a kan hatimin ta rufe ido. Tudun ya kwanta sosai, amma yana nan.

"Ina jin sa, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Sa ta a tsakiyar babban littafi. Je ki ci abinci." Ya kashe kafin ta ce komai.

Ranar Juma'a matar ofis ta shafa hatimin sau biyu, ta ɗaga takardar wajen taga, ta dubi yagaggiyar kusurwar ta taɓe baki, ta buga tambari a kan fom. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Kwana goma sha shida na tashin hankali, da aikin shekara ashirin da shida, minti ɗaya! Ta ce a je ɗaki na gaba a ɗauki hoton kati, ta kira na baya. Auta ta juya tana neman fuskar da za ta yi wa murmushi. Kowa a layin wayarsa yake kallo.

Ta zauna a benci a barandar ofishin ta kira gida. Yaya ya ɗauka da ihu, ya shiga shagon da gudu yana juya wayar ko'ina, rufi, ƙofa, inji, bango. Nan idonta ya tsaya. Ƙusar tana nan a saman injin. Ƙarƙashinta sai wani fili mai kusurwa huɗu, inda fentin ya fi na sauran bangon haske.

"Yaya, tsaya. Mai da wayar bango."

Bai mayar ba. Fuskar Baba ce ta shigo.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Baba. Ina takardar Inna?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Na fara gwadawa a kan rasit da katin rigakafi, duk suka buɗe lafiya, har kazarki. Amma waɗannan ba irin takardarki ba ne. Mai kaurin nan, mai hatimi, da irin wannan ledar, guda ɗaya ce a wurina. Ba zan sa ki ɗora wuta a kan taki ban san inda take ciwo ba."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗago abu biyu. A hannu ɗaya takarda, tsakiyarta fara fat kamar an kankare. A ɗaya hannun leda a nannaɗe, sunan Inna manne a jikinta, haruffan a tsattsage.

"A wurin sunan na yi gaggawa," ya ce. "Shi ya sa na yi miki tsawa."

Auta ta toshe baki da hannu. Mutane na wucewa ta gabanta da takardunsu, ba wanda ya waiwayo.

"Haba, Auta, kada ki yi mini kuka a gaban baƙi. Ita ta gama aiki da tata, ke kuwa yanzu kika fara. Da tana nan da kanta za ta ciro ta daga ƙusar." Ya mai da tabaransa. "Sai dai ki kula da taki, kin ji? Yanzu ba abin da ke tsare ta."

Wayar ta tsinke, datarsu ta ƙare. Ta daɗe zaune da ita a hannu. A waje ruwa ya sauko, ba ta da laima, kuɗin bas kuma babu. Ta zaro takardar daga cikin littafin, ta shafa sunanta harafi ɗaya-ɗaya, ta mayar, ta cusa littafin cikin rigarta, ta rungume shi da hannu biyu, ta fita.